Ranar da Aka Ƙona Mini Dodo

Ni ban yi boko ba. Ko sunana aka rubuta a jikin bango, wucewa zan yi in bar shi nan. Amma a unguwarmu nan Kudan, a tambayi duk wanda ya yi wayo a cikinta, har waɗanda furfura ta fara leƙo musu a gemu, wa ya hana su shiga fadama su kaɗai suna yara. Ni ce. Ni da dodona.

Dodon nan ban gaje shi a wurin kowa ba. Tatsuniyoyin da na taso da su a Gazara, a gaban kakata, na kowa da kowa ne. Wannan kuwa ni na ƙera shi da bakina, ban daɗe da zuwa garin nan ba, lokacin da yaran gida suka matsa wa raken surukina da ɓarna. Na ce musu can tsakiyar fadama akwai wani tsoho, tsayinsa ya wuce rake, haƙoransa sun yi baƙi ƙirin don shan mazarƙwaila. Sanda ba ta kama shi, kibiya ba ta huda shi. Lagonsa ɗaya ne tak: dattijo ne, ba ya iya barin gaisuwa ba amsa. A cikin labarin, wata 'yar ƙaramar yarinya ce take durƙusawa a gabansa ta fara. Ina wuni, ina gajiya, ya iyali, ya damina, ya ƙafa, ya ciwon baya. Shi kuma yana amsawa yana gurnani, lafiya lau, lafiya lau, 'yan'uwanta suna sulalewa ta bayansa ɗaya bayan ɗaya har su haye rafi. Haka na riƙa ba da shi, ga 'ya'yana, ga 'ya'yan maƙwabta, ga jikoki. Ba a taɓa kashe shi ba. Ba ma wanda ya taɓa tunanin ana iyawa.

Sai da wani hutu, bayan an cire masara, jikana ya zo. Ɗan 'yata ce da ke aure a Ikara, yana karatu a jami'a can Zariya. Mijina ne na wasa, tun yana tsumma nake ce masa maigida, ko da yake har yau ban ga cefanensa ba. Ya sauka daga mota da jaka a baya, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Amarya, kin ƙara tsufa."

Na ce, "Rashin kulawar miji ne. Me ka kawo mini?"

Ya ce ya kawo abin da zai raba ni da kasuwata.

Na ɗauka zolaya ce. Ashe da gaske yake.

Kashegari da la'asar ina gindin mangwaro ina ɓare masara, kazata wake-wake tana zagaya ni tana jiran abin da zai faɗo, sai na ga ya shimfiɗa tabarma ya tara yara. Ya zazzage wasu ƙwayoyi irin na ludo, sai dai a cikinsu akwai wata mai fuska da yawa, kamar an sassaƙe goruba. Na ce, "Maigida, caca ka kawo mini gida?"

Ya ce, "Ba a sa ko sisi, Kaka. Labari ne. Kowa ya ɗauki mutum ɗaya a ciki ya zama shi. Ni ina faɗin abin da suka tarar a hanya, su kuma su faɗi abin da za su yi. In abin mai wuya ne, a jefa ƙwaya, ita za ta ce an iya ko ba a iya ba."

"To waye ya san ƙarshen?"

"Ba kowa."

Na yi dariya har masara ta zube. Na ce labarin da mai shi bai san ƙarshensa ba, ai wannan ba labari ba ne, ɓatan hanya ne.

Amma yara suka rufta. Ɗan maƙwabciyarmu malamar asibiti, mutanen kudancin Kaduna, wanda tun yana rarrafe yake cin tuwona, ya zama jarumi mai takobi. Takwarata, 'yar autar ɗana, wadda aka sa wa sunana, ta zama matsafiya. Da na ji haka na ce a'uzubillahi. Jikana ya ce, "Kaka, ƙarya ce fa, kamar dodonki. Taki dai ta fi tawa tsufa."

Abin da ya ƙona mini rai shi ne bayan an ci tuwo. Na shimfiɗa tabarmata inda na saba, na gyara murya. Ba wanda ya zo. Suna can zaure suna musu a kan wanda ya buɗe wata ƙofa da wanda ya faɗa rami. Har takwarata, wadda da ba ta barci sai a cinyata. Na zauna ni da sauro. Haka washegari, haka jibi. Na ce wa matar ɗana ciwon baya ne ya sa na daina fitowa da tabarma. Ta ce Allah ya sawwaƙe, tana kallon ƙasa, bakinta na motsi.

Sai na fara kasa kunne da la'asar, ina ɓarar masarata kamar ba ruwana. Wallahi yaron nan bai iya labari ba. Dokokin wasan suna cikin wayarsa, sai ya sunkuya yana karantawa kamar mai sanarwar rigakafi. "Kun shiga daji. Akwai duhu. Kun ga kura." Shi ke nan! Kura guda, ba wari, ba ƙyallin ido, ba kukan da zai sa hanjin yaro ya kaɗa. Na daure, na daure, ran nan dai na kasa. Na ce, "Kai, wannan kurar taka ko akuya ba za ta tsorata ba." Na ajiye masara na yi musu kukan kura ɗaya. Ɗan malama ya yar da karan da yake riƙewa a matsayin takobi, ya faɗo jikina.

Jikana ya dube ni ya ce, "Amarya, mu haɗa jari mana. Ke baki, ni doka."

Na ce ba a tatsuniya da rana, mai yi ɓacewa yake a hanya. Ya ce ai ni na faɗa da bakina cewa wannan ba tatsuniya ba ce. Kuma ina nake zuwa da zan ɓace, daga ɗaki sai gindin mangwaro? Na ja aji na ɗan lokaci, don kada a ce na ƙosa, sannan na matso.

Daga ranar wasa ya canza. Dajinsa ya sami ƙaya da tururuwa, mutanen cikinsa suka sami baki. Sai dai akwai abu ɗaya da ya ishe ni da jin labarinsa, wai shi dunƙulen wuta. Shi ne babban makamin takwarata. Sau ɗaya take da ikon jefa shi a duk tafiyar, don haka take ta ɓoyonsa kamar naman salla. Jikana kuwa kullum cikin kirarinsa yake. Wai a makarantarsu ya ga an jefa shi sau ɗaya, rundunar 'yan fashi ta zama toka. Wai ba abin da ke tsayawa a gabansa.

Na ce, "Ba abin da ke tsayawa?"

Ya ce, "Babu."

To kun ji inda girman kai ya ja ni. Na ce gobe hanyarsu za ta bi ta fadama.

Yara suka dubi juna. Duk sun san mai fadama.

Kafin a fara sai da muka yi ciniki ni da maigida, kamar masu sayen akuya a kasuwar Makarfi. Ya ce kowane abu a wasan yana da adadin rai, in an buge shi a rage, in ya ƙare ya mutu. Ya ɗauko takarda zai rubuta na dodona. Na ce a'a, ba za a rubuta ran dodona a inda ba na gani ba. Na jawo faifai na ce a zuba shi da masara. Na nemi tiya guda. Ya ce ko giwa ba ta kai haka ba. Na ce dodona a fadama yake kwana, jikinsa danshi ne, ɗanyen rake ma ba ya kama wuta sai an sha wuya. Ya ce wutar littafi ba ruwanta da danshi. Na ce to littafin bai taɓa hura murhu da damina ba. Muka yi ta ja, daga ƙarshe aka tsaya a kan abin da tafin hannuna ɗaya zai iya ɗiba. Na buɗe yatsu iyakar ƙarfina na ɗebo.

Sannan na kafa doka da babbar murya, kowa ya ji. Na ce, "Abin da ke cikin faifan nan shi ne ran dodo. In da ƙwaya, yana nan. In babu, babu. Kada wani ya zo mini da zancen takarda ko waya."

Jikana ya ce ya yarda.

Na shigar da su fadama a hankali. Na sa ƙafarsu ta nutse a laka, na sa ganyen rake ya yanke su a damtse. Na sa kwaɗi suka yi shiru gaba ɗaya. Sannan ƙanshin mazarƙwaila mai zafi ya taso, alhali ba kowa ke dafawa ba. Rake ya dare biyu. Ga shi nan tsaye.

A raina na san abin da zai biyo baya. Takwarata ta ji labarin nan ya fi a ƙirga, ta haddace gaisuwar har da inda nake jan numfashi. Na zuba mata ido ina jira ta durƙusa.

Ɗan malama ya raɗa mata, "Ki jefa! Ki jefa!" Sauran suka ɗauka. Ta dube ni, ta dubi faifai, idonta na ƙyalli. Ta miƙe tsaye ta ce, "Dunƙulen wuta!"

Ko sallama babu.

Jikana ya ce dodo yana da damar kaucewa, in ya kauce rabin wutar ce za ta same shi. Ya miƙo mini ƙwayar nan mai kama da goruba. Ni da na rantse hannuna ba zai taɓa ta ba. Na ce ya jefa mini. Ya ce, "Dodonki ne, Kaka." Na karɓa. Ba nauyi gare ta ba. Tunda nake ba da labari ban taɓa zama ban san abin da zai faru nan gaba ba, sai ranar. Na yi bisimilla, sannan na tuna a kan me nake yi, na ce astagfirullah, na jefa.

Ba dige-dige ne a jikinta ba irin na ludo, lamba ce, ban iya karantawa ba. Amma ba sai an faɗa mini ba. Na ga haƙoran maigida duka a waje.

"Bai kauce ba."

Aka tattaro ƙwayoyin ludo, har da waɗanda aka aro a maƙwabta, aka cika wa takwarata hannu biyu. Ta girgiza ta watsa a tabarma. Waɗannan kam ina iya ƙirga su, kuma ban ji daɗin abin da na gani ba. Yara suna ƙirgawa da ƙarfi, jikana yana tsame masara daga faifai yana zubawa a kwano. Kowace ƙwaya ta faɗa kwanon sai in ji ta a ƙirjina. Tudun masara ya zama fili. Fili ya fara nuna saƙar faifai. Aka gama ƙirga, ya ɗauke hannu.

Saura ƙwaya biyu.

Jama'a, ban san sanda na miƙe ba, ni mai ciwon baya. Na ce, "Ina mai cewa ba abin da ke tsayawa? Maigida, dubi faifai! Rundunar 'yan fashi dai, ba dodona ba!" Ya sosa ƙeya ya ce ai saura ƙiris. Na ce ƙiris ɗin nan shi ake kira rai.

Sai na shiga aikina. Na gyara ɗaurin zane, na buɗe hannuwa, na rufe ido. Na ba su hayaƙi yana washewa, rake ya ƙone ya kwanta, ƙasa tana tururi. Na ba su dodo yana tasowa daga cikin toka, gashinsa ya babbake, mazarƙwailar haƙoransa tana narkewa tana ɗiga. Na jawo gurnani tun daga cibiyata, irin wanda ban yi ba tun ina da sauran haƙora. Ina jin kaina, na san ban taɓa yin mai kyau kamarsa ba. Na ja shi, na ja shi, ina jiran in ji ihun yara.

Abin da na ji shi ne ƙwas, ƙwas.

Na buɗe ido. Kazata wake-wake tana tsaye a bakin faifai, ta karkata kai tana dubana da ido ɗaya. Faifai wayam.

Sannan ɗan malama ya faɗi ƙasa yana birgima. Matar ɗana, da ashe tana laɓe a bakin madafa, ta saki ludayi. Jikana ya riƙe ciki, hawaye na zuba, da ƙyar ya iya cewa, "Kaka, ba komai, a mayar da biyun. Ni shaida ne."

Na so in karɓa, ba zan ɓoye ba. Amma yara suna kallona, kuma da bakina na kafa dokar. In na tashe ta yau don ta juyo kaina, gobe wa zai yarda da abin da na ce yana cikin fadama? Na ce, "In babu, babu."

Na koma na zauna, na kashe dodona. Ban yi masa rowa ba. Na sa ya durƙusa a hankali, gwiwa ɗaya, sannan ɗayar. Na sa ya dubi yarinyar da ta jefe shi. Ya ce mata, da 'yar muryar da ta rage masa, "Yarinya, 'yar gidan wa ce ke? Iyayenki duk sun wuce ta nan, kowannensu ya tambaye ni ya ƙafa." Sannan ya kwanta.

Dariya ta tsaya. Na dubi takwarata. Sai ta fashe da kuka, kuka na gaske har da shessheƙa. "Ban gaishe shi ba! Kaka, ko ina wuni ban ce masa ba!" Ta juya kan jikana tana dukansa a kafaɗa, wai shi ya ce wutar tana da kyau. Ya ce, "Ai tana da kyau, ba ga shi ta yi aiki ba?" Ta ƙara volume ɗin kukan, yadda yaran yanzu suke faɗa in rediyo ta yi ƙara, har uwarta ta fito.

Ina rarrashinta a cinyata, inda ta kwana biyu ba ta hau ba, sai abin ya zo mini. Ban shirya shi ba, ban taɓa tunaninsa ba. Na ce, "To kuka ba zai yi ba. Wanda ya mutu a garin nan, me ake yi?"

Ɗan malama ya ce, "Ana zuwa gaisuwa."

Na ce, "Yana da uwa. Tana can ƙetaren rafi, ba ta ji ba tukuna. Ku kuka yi, ku za ku kai mata labari, ku yi mata ta'aziyya."

Jikana ya zaro ido. "Dodo yana da uwa? Tun yaushe?"

"Kai daga sama ka faɗo?"

Ya leƙa wayarsa, ya ce su sani fa, dunƙulen wuta ya ƙare, babu wani. Na ce ai ba a zuwa gidan makoki da wuta.

Tafiyar nan ta ci mana sauran hutun. Kuma ba da la'asar kaɗai ba, ana gama tuwo sai in ji ana jan tabarmata ana shimfiɗawa, ba wanda ya aike su. Suka yi shawarar abin da za su riƙa, suka tsaya a kan goro da ƙwaryar gero. Suka yi musu a kan wa zai fara magana. Ranar da suka isa, na lulluɓe kaina da mayafi na zama tsohuwar, na juya musu baya. Takwarata ta cire takalmi, na gaske, ta durƙusa a kan tabarma. Ina wuni. Ina gajiya. Ya haƙuri. Ya ƙarin haƙuri. Ba ta tsallake ko ɗaya ba, har ta kai inda ta ce, "Ni ce na yi."

Nan yara suka zuba mini ido, su ji ko tsohuwa za ta amsa. Ni ma ban sani ba. Na miƙa hannu ta ƙarƙashin mayafi na ce, "Maigida, ba ni gorubar nan." Na jefa. Wannan karon ihun takwarata ne ya karanta mini lambar. Na juyo a hankali na ce, "Haƙuri sai ma'aiki. Tashi, 'yar nan, ƙasa da sanyi."

Da hutu ya ƙare, jikana ya bar mini ƙwayar nan mai kama da goruba, wai sadakina ne da ya daɗe bai biya ba. Tana ƙulle a bakin zanena. Labarin mutuwar dodo kuwa ya zaga unguwa, har ɗana ya zo yana ƙorafin an fara karya masa rake. Na ce ya ba ni kwana biyu. Da yara suka ji uwar ta dawo fadama da zama, kuma ita ba ta cika son gaisuwar ɓarayi ba, sai ɓarna ta tsaya.

Har yanzu in maigida ya bugo waya daga Zariya, bayan an gama gaisuwa sai ya ce, "Amarya, kin dai yarda yanzu ba abin da ke tsayawa gaban dunƙulen wuta?" Ni kuma in ce masa ya je ya faɗa wa abokansa na jami'a gaskiya: wutarsu ta yi ƙoƙari, ta ci rake, ta ci gashi, ta bar ƙwaya biyu. Wadda ta kashe dodo tana nan tsakar gida tana kwanci, kuma da babbar salla ya so a yanka masa ita na hana.